Yadda na yaye maraƙar da na shayar da fida

Saniyarmu ta haihu ranar wata Talata a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura, ciyawa ta ƙare a daji, dabbobi duk sun zube. Farar saniya ce irin ta Fulani, wadda ake kira Bunaji, kuma ita kaɗai mahaifinmu ya bar mana. A bayan gida nake turke ta. Ta haifi maraƙa lafiya lau, sai dai mabiyiya ta ƙi faɗuwa. Muka yi ta jira muna cewa za ta faɗo da kanta, alhali abin da ya wuce yini da kwana bai kamata a zauna a kansa ba tare da an kira likita ba. A kwana na uku na fito alwalar asuba na tarar ta mutu, maraƙar na tsaye a gefenta tana cusa baki a hantsa. Yara suka sa mata suna Talatu. Ni malamin firamare ne. Na tashi ina ganin kiwo, amma ban taɓa riƙe maraƙin da ba shi da uwa ba. Wata huɗu na yi ina shayar da ita da kwalba, sau biyu na yaye ta, kuma yayen farko saura ƙiris ya kashe ta. Shi ya sa nake son in faɗi yadda abin ya gudana daki-daki, ko wani zai tsallake ramin da na faɗa.

Da gari ya waye na ɗauke ta a kan babur, ƙanena na riƙe da ita a baya, muka nufi rugar wani dattijo abokin mahaifinmu da muke kira Baffa. Bayan gaisuwa da jaje, tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Malam, ta sha dakashi?" Na ce ta sha, kwana biyu cur tana tsotso. Ya ce, "To alhamdu lillahi, rabin aikin an yi." Daga baya likita ya ƙara mini bayani: dakashi, wato nonon farko mai kauri da rawaya, shi ne garkuwar maraƙi daga cuta, kuma hanjinsa na iya ɗaukar wannan garkuwar ne a sa'o'in farko kawai. Bayan yini da kwana ƙofar ta rufe. Baffa ya gwada haɗa ta da wata saniyarsa da ta haihu a satin. Ya shafa mata gishiri a gadon baya don saniyar ta lashe ta, aka yi wa saniyar dabaibayi, aka kawo ɗanta kusa. Kwana biyu ana fama, da an saki igiya sai harbi da tunkuyi. A ƙarshe ya ce, "Ba za ta karɓe ta ba, kada mu ja ta karya ta." Muka yi yarjejeniya zai riƙa aiko mini da madara safe da yamma ina biya duk sati. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa rani ne, abin da ake tatsa bai taka kara ya karya ba, wata rana zan samu, wata rana sai haƙuri.

Ranar Litinin na nemi izinin shugaban makaranta na kai ta asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma. Ƙarfe takwas muka isa, aka ce likita ya tafi kwata duba nama. Na yanki kati naira 500, aka rubuta irin dabba da shekarunta da sunana, muka zauna ƙarƙashin darbejiya tare da masu raguna da awaki da wani mai kaji a kwando. Sai kusan sha ɗaya ya dawo. Duk wanda zai je da jaririn maraƙi ya tafi da madararsa a filas, domin ni ban tafi da ita ba, kuma kafin layi ya zo kanmu Talatu ta kwanta ta daina ko kuka. Likita ya sa mata ma'aunin zafi, ya ce 39, daidai ne. Ya duba cibiya ya tsoma ta a aidin, ya buɗe fatar ido, sannan aka sa ta a buhu aka rataya a sikeli: kilo 21. A bayan katin ya rubuta mini lissafi. Madara kashi ɗaya cikin goma na nauyinta kullum, wato lita biyu da ɗan ɗori, a raba sau uku, a ƙara yayin da take ƙara nauyi. A dafa madarar saboda tarin fuka da bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, a bar ta ta huce zuwa ɗumin jiki, in ɗiga a bayan hannuna in ji ba zafi ba sanyi. Ta sha a tsaye, wuya a ɗan miƙe kamar tana ƙarƙashin uwa, kada a taɓa ɗura mata, don madara na iya bi ta hanyar numfashi ta sauka a huhu. Hudar kan robar ta zama ƙarama, idan an kifa kwalba ta riƙa ɗiga, kada ta zuba. Muna fita, wani na jan hannunsa zuwa wajen rago, ya juyo ya ce, "Malam, ka ajiye mata ruwa da 'yar dusa tun yanzu." Na ji, na ce to. Ban rubuta ba, na ɗauka magana ce ta gaba. Duk wahalar da na sha daga baya daga wannan jimlar ta taso.

Fidar jarirai muka fara amfani da ita, amma kan ya yi mata ƙanƙanta, tana taunewa. Sai da na shiga Zariya na samo kan roba dogo na maruƙa a kantin magungunan dabbobi, muka ɗaura a kwalbar lita ɗaya. Ranar da madarar ruga ta gaza sai mu cike da ta gari, giram 125 a ruwa lita ɗaya, kamar yadda likita ya auna mini da wani ɗan kofi. Kuɗi suka fara tafiya. Wata maƙwabciya, da kyakkyawar niyya, ta ce wa uwargida a riƙa dama ɗan koko da sukari a haɗa, zai riƙe mata ciki, madara kuma ta yi auki. Muka yi kwana biyu. A na uku zawo ya ɓalle, ruwa-ruwa mai rawaya, wutsiya duk ta ɓaci, ido ya faɗa. Na kira lambar da ke jikin kati, aka turo malamin dabbobi a kan babur, na biya kuɗin mai da na magani. Ya kama fatar wuyanta ya ja ya saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ya ce ruwan jikinta ne ya ƙare, kuma shi ke kashe maruƙa, ba zawon kansa ba. Ya bayyana mana cewa cikin jaririn maraƙi ba ya iya narkar da sukarin shayi, kuma a makonnin farko ba ya iya narkar da gari, don haka ko ruwan gishiri da sukari da muke haɗa wa yara bai dace da ita ba. Akwai na dabbobi a ƙunshi, mai gulukos. Muka riƙa ba ta shi tsakanin shan madara, da tazarar kamar awa biyu, ba mu tsayar da madarar ba. Kwana uku ta miƙe. Da ta cika sati uku ya dawo ya ba ta maganin tsutsa, domin akwai wata doguwar tsutsa da maruƙa kan ɗauka ta nonon uwa tun kwanakin farko.

Daga nan abubuwa suka daidaita. Bayan sallar asuba ni ke ba ta, da rana uwargida, da magariba babbar 'yata, wadda Talatu ta ɗauka uwa, tana bin ta har bakin zaure. Kowane shayarwa a wanke kwalba da kan roba da ruwan zafi da sabulu a kife. Ta kai lita uku a rana. Ruwa kuwa ban ajiye mata ba, saboda na sha jin ana cewa ruwa na sa maraƙi tumbi, kuma a ganina madara ai ruwa ce. Dusa ma ban ba ta ba. Na dai rataya mata ɗan damin harawa tana ja tana wasa da shi, ni kuma ina ganin haka na ce ta fara ci. A tsakiyar Yuni ruwa ya sauka, ƙasa ta yi kore, albashi ya makara, bashin madara na sati biyu na kaina. Ta cika sati tara, nauyinta kilo 38. Na ce a raina ga ciyawa Allah ya kawo kyauta, kuma saniya ai da ciyawa aka san ta. Cikin kwana uku na janye madara: yau biyu, gobe ɗaya, jibi babu. Na kai ta bayan gari na ɗaure a cikin sabuwar ciyawa.

Daren farko ba wanda ya yi barci a gidan. Ta yi kuka har murya ta dishe. Aka ce mini haka yaye yake, in daure, na daure. Tana cin ciyawar kuwa, har da haɗama, amma kullum ƙara zubewa take. A kwana na shida na tsaya na dube ta da kyau: haƙarƙari a waje ana iya ƙirgawa, ciki ya sauko kamar tulu, gashi ya tashi ya daina sheƙi, kashi kore tsululu. Tana lasar bango, na kuma zaro leda daga bakinta. 'Yata ta zauna kusa da ita tana hawaye, ta ce, "Baba, yunwa take ji." Na ce ai ga cikinta nan a cike. Ta ce, "To me ya sa take tsotson hannuna?" Ban sami amsa ba. Abin da ya fi damuna shi ne tunanin cewa dabbar da mahaifinmu ya bari ta mutu a hannuna, ga 'yarta ma za ta bi ta, kuma wannan karon da hannuna na jawo.

Washegari tun bakwai da rabi muna asibiti, da kati da filas. Wannan karon na tambaya tukuna, na san ranar da likita ba ya zuwa kwata, don haka ba mu yi awa ɗaya ba aka kira mu. Da yake katin na hannuna ba a sake yankar wani ba. Sikeli ya nuna kilo 35. Ya danna kwiɓinta na hagu, ya kara kunne, sannan ya yi mini tambaya biyu. "Malam, ka taɓa ganin tana tuƙa?" Na yi shiru ina tunani, na ce ban lura ba. "Dusa nawa take cinyewa a rana?" Na ce ba na ba ta. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ka yaye ta da kalanda, ita kuwa da tumbi ake yaye ta." Ya zana mini sassa huɗu na cikin saniya a bayan wata takarda. Ya ce ranar da aka haifi maraƙi, ciki na huɗu, mai narkar da madara, shi ne babba, tumbi kuwa ɗan ƙarami ne, sumul, ba ya aikin komai. A babbar saniya tumbin ne ke ɗaukar kusan kashi 80 cikin 100 na cikin gaba ɗaya. Idan maraƙi na tsotso, akwai wata tsoka da ke naɗewa kamar indararo ta wuce da madara kai tsaye zuwa ciki na huɗu, kusan babu abin da ke sauka a tumbi. Ke nan ko wata nawa ya yi yana shan madara, tumbinsa bai koyi komai ba, kuma ruwan da ke cikin madara bai taɓa jiƙa shi ba. Ya ce in biya ta wajen mahauta in duba cikin tumbi da idona kafin in koma gida.

Na biya. Wani mahauci da na saba sayen nama wurinsa ya juya mini tumbin sa a kan tebur. Na sha cin kayan ciki, amma ban taɓa tsayawa na duba ba. Cikinsa baƙi-baƙi ne, lulluɓe da 'yan tsirai dubbai a cunkushe kamar gashin tawul, wasu sun kai tsawon farce. Na shafa da yatsa na ji suna kwantawa suna tashi. Waɗannan, in ji likita, su ne ke tsotse abincin da ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbi, waɗanda ido ba ya gani, suka ruɓar, kuma ba a haifar maraƙi da su a girme. Abin da ya fi tsirar da su shi ne hatsi da dusa, domin idan suka ruɓa a tumbi suna fitar da wani tsami da ke sa tsiran girma. Ciyawa da harawa na buɗa tumbin su ƙarfafa tsokarsa, amma su kaɗai jinkirinsu na da yawa. Ƙwayoyin kuma ba sa rayuwa sai da ruwa, ruwan da aka sha daga bokiti. Daga ranar da maraƙi ya fara cin dusa sosai, sai an ba shi sati uku zuwa huɗu kafin tumbin ya iya riƙe shi. A gaban teburin nan na gane abin da na yi: na cika mata buhu da ɗanyar ciyawa wadda yawancinta ruwa ne, alhali babu abin da zai tatsi amfaninta. A ruga maraƙi na yin wata bakwai ko fiye yana tsotso yana tsintar ciyawa a bayan uwa, tumbi na girma a hankali ba tare da kowa ya lura ba. Mai kwalba ba shi da wannan lokacin, don aljihunsa ba zai kai ba, dole dusa ta gajarta masa hanya.

Umarnin likita shi ne a koma wa madara, lita biyu a rana, safe da yamma, a ɗauke ta daga ɗanyar ciyawa, a fara abin da ya kamata a fara tun satin farko. Na je ruga na ba Baffa haƙurin bashi. Ya ce, "Haba Malam, yanzu damina ce, nono ya samu, ka biya in an yi albashi." Haɗin abincin kuwa da sikeli ake yinsa, ba da mudu ba, tunda dusa ba ta da nauyin hatsi. A kilo 10: masara kilo 5, dusar alkama kilo 3, tunkuzar gyaɗa kilo 2, sai gishiri giram 100 da garin ƙashi kamar haka. Masarar a ɓarza ta kawai. Mai injin farko ya niƙe mini ita lukui kamar ta tuwo, Talatu ta sa hanci ta yi atishawa ta juya baya, sai da na sake sayen wata na tsaya a kansa. Tunkuzar kuma ta masu matsar mai ce, ba ƙuli-ƙulin ci mai yaji ba, kuma in shinshina, in na ga fumfuna ko na ji wari in bar ta, saboda gubar da fumfunar gyaɗa ke haifarwa ta fi yi wa ƙananan dabbobi illa. A kasuwa mai sayar da abincin dabbobi ya so ya ba ni na angurya, ya ce shi masu kiwon shanun kasuwa ke saye, kuma ya fi araha. Gaskiya ya faɗa, amma na manya ne. Angurya na da wani sinadari da cikakken tumbi ke iya kashe kaifinsa, maraƙin da tumbinsa bai nuna ba kuwa yana iya taɓa masa zuciya. Haka takin yuriya da wasu ke zubawa a abincin shanu, likita ya ce ko kusa da ita kada ya zo.

Koya mata ci ya ɗauki kwana huɗu. Dabarar ita ce da zarar ta gama kwalba, bakinta na neman abin tsotso, sai 'yata ta ɗebi haɗin a tafin hannu ta bar ta ta tsotsi yatsu. Da farko tofarwa take, daga baya ta fara taunawa, sannan muka riƙa saukar da hannun a hankali har cikin kwano. Bokitin ruwa mai tsabta na gefe dare da rana, ana sauyawa sau biyu, ga ɗan dunƙulen gishirin lasa, ga harawar wake mai ganye kaɗan. Na ware littafin rubutu na 'yan makaranta na ja layi huɗu: kwanan wata, madara, abin da aka zuba, abin da ya rage. Kowace safiya in auna ragowar jiya in ba awaki, in zuba sabo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a wannan aikin ido ya riga ya yaudare ni sau ɗaya. Satin farko ba ta wuce giram 150 ba. Na biyu ta kai 300. A ƙarshen sati na biyun, wata rana bayan la'asar, na dawo daga makaranta na same ta kwance a inuwa, ƙafafu a naɗe, ido a lumshe. Na ga wani ɗan ƙulli ya taso ta maƙogwaro, sai muƙamuƙi ya fara juyawa gefe-gefe a hankali. Na tsaya ban motsa ba har ta haɗiye, wani ya sake tasowa. Na kira mutanen gida da hannu, muka tsaya mu huɗu muna kallon maraƙa tana tuƙa.

Ma'aunin da likita ya ba ni shi ne kada in tsayar da madara sai ta cinye kusan kilo ɗaya na haɗin a rana, kwana uku a jere. Ya ce a littattafai zan ga kilo ɗaya da rabi, amma wannan na shanun madara na Turai ne irin Firiziyan, waɗanda ake haifa da kilo 40 ko kusa da haka. Ruwa-biyunsu da Bunaji, irin waɗanda ake kiwo a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, suna tsakiya, tamu kuwa ƙarama ce. Da ta kai giram 500 a sati na huɗu, na rage madarar yamma zuwa rabin lita na kwana biyar, sannan na cire ta gaba ɗaya, saura lita ɗaya da safe. Abin da na lura shi ne duk ranar da aka rage madara, washegari cin dusa na tashi. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sanyi ya kama ta, ci ya faɗi, kashi ya yi laushi. Na tsaya a inda nake kwana uku ban rage komai ba har ta dawo daidai. Ta yi sati biyu a kan kwalba ɗaya. A farkon Agusta littafin ya nuna 950, washegari kilo ɗaya, washegari kuma kwano ƙwal. Na ba ta rabin lita kwana uku, na huɗu ba a kawo kwalba ba. Ta yi kuka da safe kamar na rabin awa, ta leƙa ƙofar kicin, ta koma kan kwanonta. Ranar nauyinta kilo 52.

Komawa ciyawa ma sai da muka bi ta mataki-mataki, kuma mun fara ne tun tana kan kwalba ɗaya. Da farko yankowa nake, kyasuwa da harƙiya da ɗanyar gamba, in baza a inuwa su sha iska yini guda, sannan in haɗa da harawa. Bayan sati na fara fitar da ita, amma sai hantsi ya ɗaga raɓa ta bushe, kuma sai ta ci dusa da busasshen abu a gida, don kada ta fita da yunwa ta afka wa jiƙaƙƙiyar ciyawa ciki ya kumbura. Awa ɗaya, sannan biyu, har zuwa rabin yini. Kullum idan ta dawo ina duba kwiɓin hagu: in ya yi tauri kamar ganga, ba a jira. Baffa ya zo da kansa ya zaga da ni ya nuna mini inda ba za a ɗaure ta ba. Ban da fadama, saboda ciwon hanta da ake ɗauka a inda ruwa ke kwanciya. Ban da gefen gonar da aka yi wa feshi. Ban da gyauron dawa, domin sabon tohonsa na da guba mai kashewa nan take. Ban da bakin bola, saboda leda, wadda in ta taru a tumbi ba ta fita sai da wuƙa. Wannan na ƙarshe ya fi shafar maraƙin kwalba, don ya saba da mutane, komai ya gani sai ya kai baki. Duk yamma muna shafa kunnuwa da hammata da ƙarƙashin wutsiya muna cire kaska. Dusar kuma ban janye ba, ta ci gaba da samun kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi har ta wuce wata shida.

Zuwa na uku asibiti na rigakafi ne. Na so a yi mata komai a satin da aka yaye ta don in huta da zirga-zirga, likita ya hana. Ya ce yaye kansa nauyi ne, kada a ɗora masa allura da sauyin wuri, a bar tazarar sati biyu aƙalla tsakanin kowane abu da wani. Maganin tsutsa aka ba ta a ƙarshen Agusta, allurar ciwon huhu da ta harbin daji kuma ya sa mana Oktoba. Da na je a Oktoban aka ce in dawo. Alluran daga cibiyar Vom ta jihar Filato ake kawo su, a cikin sanyi ake ajiye su, kuma kwalba ɗaya ta garke guda ce, in an fasa dole a ƙarar a lokacin, ba a fasa ta don dabba ɗaya. Na yi zuwa biyu a banza kafin malamin dabbobi ya ba ni shawarar in kai ta ruga ranar da za su yi wa shanun Baffa. Haka aka yi, aka rubuta a katinta. Mai dabba ɗaya ko biyu ya tambayi ranar da za a fita garke mafi kusa da shi tun kafin lokaci ya yi.

Da na tattara lissafin littafin, madarar da ta sha ta haura lita 200, kuma ita ce ta cinye mafi yawan kuɗin, nesa ba kusa ba. Duk haɗin dusar da ta ci kafin yaye bai kai kilo 25 ba. Da na ajiye kwano da bokiti tun ranar da aka ce in ajiye, da a sati na goma zuwa sha biyu an gama, da na tsira da kuɗin madarar wata guda da na magani, ita kuma ba ta yi asarar kilo uku da makonnin girma ba. Wanda ya tsinci kansa a irin halina, ya fara tambayar ko an sha dakashi, ya auna nauyi da sikeli, ya rubuta duk abin da likita ya faɗa har wanda ya faɗa a bakin ƙofa. Kada a sa koko ko sukari a kwalba. Ruwa da dusa su kasance a gabanta tun kwana uku zuwa bakwai, ko da wasa kawai take da su. In kuɗi sun yanke a tsakiya, gara a je a nemi alfarmar mai madara a sauko zuwa kwalba ɗaya a rana da a yanke gaba ɗaya. Yanzu Talatu na da wata bakwai, tana fita da maruƙan ruga da safe ta dawo da yamma, kuma har yau in ta ga 'yata sai ta nemi yatsunta. Na fara tara harawar wake da ta gyaɗa a kan rumfa saboda ranin farko da za ta shiga ba madara, kuma a katinta an rubuta mu koma shan maganin tsutsa da na hanta a farkon Disamba.